Iya da ƙwayoyin ƴan dubiya

Jama'a, salamu alaikum. Allah ya ba na kwance lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri. Ku ɗan ara min kunnuwanku, don abin nan yana ci na a ciki, in ban faɗa ba sai ya fasa ni. Duk wanda ya zo rumfata ranar kasuwar Urafane, ya kawo salula, wato wayar hannu, a sa mata wuta ko a gyara, ya riga ya ji shi, wasu ma sun ji har sun gaji, sun laƙa min suna Majo Lawali. To yau na ce bari in rubuta shi, ya kai inda bakina bai kaiwa.

Labarin kakata ne, wadda ta haifi babana. Iya muke ce mata. Ita ta riƙe ni tun ina ɗan mitsitsi, kuma kun san wasan kaka da jika: ni ne maigida, ita ce amarya, duk da haƙoranta na gaba sun daɗe da yin ƙaura. Sana'arta daddawar batso. In ta buɗe tukunya, ƙauyenmu gaba ɗaya ya san ta buɗe. Ba gidan suna, ba gidan biki, ba gidan rasuwa da ƙafarta ba ta taka ba. Mace ce mai jama'a, kuma mai jama'a in ya kwanta, jama'a ce ke zuwa.

Abin ya fara ne da kakar bara, bayan roron wake. Gwiwarta ta dama ta kumbura ta yi suntum, salla sai a zaune. Na ɗora ta a moto, wato babur, na kai ta gidan likita na kusa da mu. Majo, wato babban malamin jinyar wurin, ya latsa gwiwar, ya ba ta ƙwaya. Ya ce a sha bayan an ci abinci, ƴan kwanaki kaɗan kawai, in bai sauka ba a dawo. Muka ce to. Kumburin ya ɗan sauka, ciwon bai tafi duka ba, mu kuma ba mu koma ba, don aikin gona ya sha kanmu.

Mako na biyu labari ya zaga. Ai sai ƴan dubiya! Tabarmar ƙofar ɗakinta ba ta hucewa. Kuma kowa ya zo, bayan sannu da ya jiki, sai ka ga yana kwance bakin zane ko yana laluben aljihu. Gwaggo Barira, ɗiyar Iya da ke aure a Korgom, ta zo zaman jinya, ta taho da wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi rawaya da mijinta ke sha in bayansa ya riƙe. Maƙwabciyarmu ta kawo haɗi na mai tebur, ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin leda, ta ce shi ne ya tashi uwarta. Kawuna da ke cin rani a Najeriya ya aiko da kwali mai hoton mutum dafe da ƙugu. Wata ta kawo jiƙo a gora. Iya kuwa ba ta ajiyewa ta ce sai an jima. A gaban mai shi take jefawa a baki, ta kora da ruwan randa, ta ce Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Wata rana na ce mata, "Amarya, wannan ciki naki ciki ne ko farmasi?"

Ta ce, "Maigida, rufa min baki. Mutum ya tako ƙafarshi ya kawo maka abu, ka ce a'a? Ba a maida hannun kyauta baya. Da wane ido zan dube shi gobe?"

Na yi dariya na wuce. Dukanmu haka muka ɗauka: magani a kan magani, sauƙi a kan sauƙi. Kuma ga abin da ke ruɗin mutum, gwiwar ta daina ciwo ɗif! Iya ta tashi, har ta ɗora tukunyar batso. Kowane ɗan dubiya ya riƙa cewa nasa ne ya yi aiki, ya ƙaro wani.

Mako na uku sai ciki. Ta ce tana jin kamar an zuba mata garwashi a ƙasan ƙirji. Tuwo ya gagara, sai ɗan koko, wani lokaci kokon ma ba ta sha, amma ƙwaya ba fashi. Shawarwari suka taso. Wannan ya ce basir ne, waccan ta ce a jiƙa mata kanwa, wani ya ce ai dama mai daddawa ba ta rasa mahassada. Ashe Gwaggo Barira ta ga wani abu tun da wuri. Bayan gidan Iya ya koma baƙi wuluk, mai danƙo kamar kwalta, ga wari na daban. Iya ta hana ta faɗa. Ta ce, "Kika kai wa yaron nan wannan zance, ban yafe ba." Kunya. Ku ji fa, jama'a, kunya!

Da hantsi abin ya faru. Ta miƙe daga gaban murhu za ta ɗauko muciya, sai ta sulale ta faɗi. Da na tallabe ta, tafin hannunta fari fat kamar ta dafa gari, zufa mai sanyi na keto mata. A nan ne Gwaggo ta fashe da kuka ta faɗi abin da ta gani.

Da muka kai ta, Majo bai ko zaunar da mu ba. Ya ja fatar idonta ƙasa, ya duba, ya ji zancen baƙin bayan gida, ya ce, "Tasawa, yanzu yanzu." Sannan ya juyo gare ni. "Kai mai moto, kafin mota ta zo, ruga gida ka kwaso min duk abin da take sha. Komi da komi. Wanda na ba ta, wanda aka ba ta, har gorar jiƙon. Kar ka zaɓa." Na je na ɗaga katifa, na zazzage ƙwarya, na laluba aljihun zane. Leda guda cike.

Asibitin Tasawa kuwa, Allah ya saka wa ma'aikatansa, amma layi ba a magana. Ka bi layi ka karɓi takarda, ka bi layi a ɗebi jini, ka bi layi a farmasi, ka dawo a ce wanda zai sa hannu ya shiga wurin wani mara lafiya. Rana na dukan ka, ƙishirwa na dukan ka. Gwaggo sai da ta yi cacar baki da mai gadin ƙofa, daga baya kuma shi ne ya samo mata inuwar da za ta shimfiɗa tabarma. Ita Iya dai ba a sa ta layi ba, da suka ga idonta suka wuce da ita ciki. Akuyar Gwaggo ta tafi a wannan jinya, waken da muka rora ya bi bayanta. Ba na kuka da wannan, dukiya ai don irin ranar ake tara ta.

Abin da ya ƙona min rai daban ne. Aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata, a nemo masu bayarwa. Na buga waya gida. Mutanen da ke rige-rigen kawo ƙwaya, kowa ya samu uzuri. Wannan ya ce shi ma jininsa kaɗan ne, wancan ya ce an ce in an ɗiba ba ya dawowa. Ƙarya ne, yana dawowa, ga ni nan garau! Aka gwada nawa ya dace, aka ɗiba. Wani Bafillace da ke jinyar matarsa, wanda muke raba inuwa da shi, bai san mu ba ba mu san shi ba, ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa ma. Duk inda yake, Allah ya albarkaci garkensa.

Da Iya ta farfaɗo ta ga leda ja a rataye, na ce, "Amarya, yanzu jinina ke yawo a jikinki. Daga yau sai biyayya."

Ta ce da ƙyar, "Shi ya sa nake jin surutu na taso min."

Na san ta dawo.

To ga wurin da idona ya buɗe. Likitar da ke duba ta mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta ce ina ledar da Majo ya ce a kawo? Ta zazzage ta a kan tebur ta shiga warewa kamar mai tsintar wake. Ta kira ni ta ce, "Ka yi lakwal?" Na ce na ɗan taɓa makarantar boko, ban yi nisa ba, amma ina haɗa baƙi. Ta ce ya isa. Ta nuna min kwalin kawuna. Babban suna na sama, mai ado, ta ce wannan na kasuwa ne, kowane kamfani da nasa. Ainihin sunan magani shi ne ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Na karanta: diclofénac. Ta ɗauko ƴan rawayan Gwaggo, ta juya bayan takardar: diclofénac. Abu ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta! Na Majo kuma ibuprofène, ta ce ɗan gidansu ne. Ga wata aspirine a gefe, ita ma danginsu. Ta ce dukansu suna kashe ciwo, gaskiya ne, amma suna cin bangon ciki, balle ga tsoho, balle cikin da ba abinci. Ɗaya ma ana shan shi da lissafi. Iya kuwa ta tara su gaba ɗaya har suka huda mata gyambo, jini na zuba ta ciki, shi ne baƙin da Gwaggo ta gani.

Na ce haɗin mai tebur fa? Ta ture shi gefe da bakin biro. Ta ce, "Wannan ni ma ban san su ba. Ba suna, ba kwali, ba ranar lalacewa. In ni ban sani ba, mai teburin ya sani?"

Ni da nake gyaran salula sai abin ya faɗo min daram. Wa ke haɗa wa batir ɗaya wuta uku don ya cika da sauri? Ai kumbura zai yi ya fashe.

Ta je bakin gadon Iya ta durƙusa. "Iya, magani ba goro ba ne, da za a miƙo miki ki karɓa don kara. Wannan karon an kawo ki a kan lokaci. In kika koma musu, jinin zai dawo, kuma ba kullum ake isowa ba."

Iya ta ce, "To ɗiyata, in mutum ya kawo fa?"

"Ki ce likita ta hana."

Iya ta juya fuska bango ta ce, "Hm. Ke ba ki san mutanen garinmu ba."

Gyambo dai za a warkar da shi, amma wa zai warkar da kara?

Kwanakin da muka yi a can ban zauna ba. Na addabi mai farmasi, na addabi malaman jinya, har wata ta ce in na ƙara tambaya sai ta sa min farar riga ta ba ni tsintsiya. Amma wallahi ba wanda ya kore ni. Ashe tambaya ba rashin kunya ba ce, mu ne muke jin tsoro a banza. Duk abin da aka miƙo, sai in ce mene ne ainihin sunansa, na mene ne, kafin abinci ko bayan abinci, yaushe za a daina. Wannan ta ƙarshe ita ce muka yi sakaci da ita tun farko, don magani yana da ranar tsayawa kamar yadda yake da ranar farawa. Sai kuma in ce me ba a haɗa shi da shi, kuma me zan gani in dawo a guje. Ku ji amfanin tambaya: cikin abin da aka sallame mu da shi akwai ƙwayar ƙarin jini. Da na tambaya, likita ta ce ita ma tana sa bayan gida ya yi duhu, kar mu firgita, amma in ya zo da danƙo da wari irin na da, ko jiri, ko amai da jini, kar mu jira. Da ban tambaya ba fa? Ko mu tsorata mu daina ba ta, ko mu ga na gasken mu ce ai ƙwaya ce. Na gwiwa kuma ta ce paracétamol kaɗai, shi ma da iyakarsa a yini, kuma in riƙa duba ƙaramin rubutu, don yana ɓuya cikin magungunan mura da yawa. Na koyi barin kowace ƙwaya a cikin takardarta, ba a ɓare su a zube a gwangwani ɗaya. Jiƙo ma a faɗa wa likita, ba abin ɓoyo ba ne. Ni dai ba likita ba ne, kar wani ya zo rumfata ya ce in zaɓa masa magani. Tambaya kawai na iya, ita nake rabawa kyauta.

Duk abin da na koyo sai in zo in zauna in maimaita wa Iya. Tana yi kamar ba ta ji, tana cewa maigida ya zama rediyo.

Muka dawo gida, dubiya ta dawo sabuwa. Na kafa kujera a zaure na zama mai gadi. Duk wanda ya shigo sai in ce sannu da zuwa, in akwai ƙwaya a bar ta nan. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ɗan Iya ya je Tasawa ya dawo da girman kai. Ban damu ba. Amma na san ba kullum nake gida ba, ina da rumfa, kuma akwai mutanen da ban isa in tare ba.

Irin su Hassu. Ƙawar Iya ce tun suna ƴanmata masu kai kaya kasuwanni, Bagobira ce daga wajen Mayahi, mu kuma Katsinawa, kun san wasan da ke tsakani. Labari bai kai mata da wuri ba. Da ta ji, ta hau mota, ta hau amalanke, ta iso da la'asar da sandarta. Na miƙe zan yi jawabina na zaure, ta ɗaga sandar ta ce, "Kauce, ɗan bayi." Na kauce, na bi bayanta.

"Ina baiwata? An ce kin so tahiya ba ki nemi izinina ba!"

Iya ta ce, "Wa ya kwance Bagobira ya bar ta tana yawo? Ku ɓoye tuwo!"

Suka rungume juna suna dariya, sai ga hawaye. Aka gaisa, aka yi ya jiki. Can sai na ga Hassu ta jawo bakin mayafi ta fara kwance ƙulli. Ƙwayoyi ne ja da fari a ƴar leda. Ta ce, "Wagga ita ta tashe ni sadda ƙugu ya kada ni. Ban yarda in aiko ba, na ce da hannuna zan ba ki." Ta ɗebo ruwa a moɗa da kanta ta miƙa.

Na buɗe baki, Iya ta harare ni, na rufe. Ta karɓi ƙwaya ɗaya ta ɗora a tafin hannu. Gwaggo Barira ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Iya ta daɗe tana kallon ƙwayar.

"Mi sunanta?"

Hassu ta ce, "Suna? Jinjira ce da za a raɗa mata suna?"

"Wane likita ya ba ki?"

"Yaron bakin tasha. Kowa wurinshi yake saye."

Iya ta kamo hannun Hassu, ta mayar mata da ƙwayar, ta naɗe yatsunta a kai. "Hassu, ba ni sha."

Wannan ba wasan Gobir da Katsina ba ne, kowa ya gane. Hassu ta ajiye moɗa a hankali. "Tun muna da ƙirjin biri nike ba ki abu kina amsa. Yau ni za ki maida wa hannu? Guba na ɗauko tun daga Mayahi in ba ki?" Ta jawo takalmanta, ta dafa sanda za ta miƙe.

Iya ta riƙe bakin zanenta. Ta ƙi saki. "Waɗanda suka ba ni na farko ma ba maƙiyana ba ne. Ga Barira nan, ɗiyar cikina, har da ita. Ƙauna ce ta kusa kai ni kushewa. Jinin da ke jikina yanzu na aro ne, na yaron nan ne da na wani bawan Allah da ban ko san sunanshi ba. Ba ni da ikon zubar da shi don in faranta miki. Ki yi fushi, ki zage ni, ina nan da raina ina jin ki. Ya fi ki zo ki zauna wurin nan ana ba ki haƙuri."

Hassu ta tsaya, rabi a tsaye rabi a zaune. Sannan ta koma ta zauna. Tana ta juya ƴar ledar a hannu. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Shi cikin naki, yaya ya faro?"

Iya ta ce, "Kamar garwashi, nan ƙasan ƙirji. Sai tuwo ya gagara."

Hassu ta dafa nata wurin. "Ni ko tun kaka tuwo bai zamna man ba." Ta dubi ledar. "Kuma biyu na haɗiye cikin mota."

Iya ta juyo. "Maigida, tada moto."

"Ke, ko ruwa ban sha ba!"

"Kin sha a can. Lawali, tafi da ledar, kar ta ɓoye ta a hanya, na san halin Gobirawa."

Muka samu Majo bai tashi ba. Ya duba ta, ya yi mata tambayoyin da sai da ta kore ni waje kafin ta amsa, ya ce an zo da wuri, nata bai kai ga zubar jini ba. Ya karɓe ja da farin, ya ba ta na ciki, ya ce ta dawo ya sake ganin ta. Duk hanyar dawowa tana mintsinina a baya tana cewa in bi a hankali, ita ba buhun gero ba ce.

Muka tarar da Iya zaune a ƙofar gida tana jira. Tun kafin Hassu ta sauko ta ce, "To, mi sunan ƙwayar da Majo ya ba ki? Kafin abinci ko bayan abinci?"

Hassu ta ce, "Oho. Tambayi maigidanki, shi ya tsaya yana ta zuba da likita."

Iya ta matsa ta yi mata wuri a tabarma. "Cikin Lawali za ta shiga ko naki? Zo zauna, baiwa. Miƙo kwalin in gani, yau ni zan yi miki lakwal."